Sharar Saba da Ruwan Tsaunin Kanya

Ku gyara zama, masu waya a hannu ku kife ta. Ga wata nan tafe gare ku, kuma ba ta zamanin kakanni ba ce, ta kwanan nan ce. In na kai ƙarshenta ba zan yanke hukunci ba, shari'ar taku ce.

A Funtuwa an yi wani mutum, Alhaji Sallau Mai Burtsatse. Da diga da igiya ya fara haƙar rijiya tun yana saurayi, ya ƙare da motocin haƙa biyu da ofis mai ɗaki huɗu a bakin titi. Mutum ne da ba ya yar da komai. Guntun igiya, murfin biro, tsohuwar ƙusa da ta lanƙwashe, kowanne yana da gwangwaninsa. Da zamanin kwamfuta ya zo, halin bai sake shi ba. Ya sa aka kawo wata babbar na'ura da ake ce wa saba, wadda duk kwamfutocin ofis suke kai wa ajiya, kamar yadda mutan gida ke zuba hatsi a rumbu guda. Aka ware mata ɗan ɗaki mai sanyi marar taga, ta zauna tana gurnani ƙasa-ƙasa, 'yan fitilunta kore suna ƙyaftawa. Shekara goma sha tara, duk ƙasar da aka auna, duk wasiƙar da aka rubuta, duk hoton da aka ɗauka, can ake turawa. Ba a taɓa cire ko ɗaya ba.

Da Allah ya karɓi ransa, matarsa Hajiya Kubura ta riƙe kamfanin, ita da 'ya'yansu uku, dukkansu manya masu iyali. Babban, Lurwanu, shi ne mutumin daji. Shi ke fita da motar haƙa, ya yi sati bai ga ƙofar gidansa ba, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Hajiya ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, Babba take ce masa. Ta biyu Zulai, ita ke riƙe da takardu da alƙawura, mace mai sanyin magana wadda ba ta manta ranar da aka yi abu. Autan, Nafi'u, shi ya yi karatun kwamfuta a Zariya. Mai son tsabta ne har abin kan yi yawa, ko takarda ɗaya ba ta kwana a teburinsa.

To, wata Alhamis da hantsi, a tsakiyar bazara, shekara shida da rasuwar Alhaji, sabar ta cika. Ma'aikaci ya tura ajiya, ta ce babu wuri. Wani ya nemi buɗe taswira, ya je ya dafa shayi ya sha ya dawo, ba ta buɗe ba. Aikin ofis ya tsaya cik. Hajiya ta tara 'ya'yanta ta ce kowa ya faɗi abin da ya gani.

Nafi'u ya ce, "Hajiya, na duba. Cikin kowane fayil goma, bakwai ba wanda ya taɓa su shekara da shekaru. Akwai hoton wata tayar mota da na samu sau arba'in da ɗaya. A ba ni sati biyu in share."

Zulai ta ce, "Ka share me? Ka san abin da ke ciki? Baba bai ajiye don wauta ba. Ranar da ka yar da abu, ranar ake zuwa nemansa."

Lurwanu ya kalli agogo. "Ni duk wannan bai dame ni ba. A sayo wani akwatin a jona, a ci gaba da zubawa. Mutum ya zauna sati biyu yana tankaɗe shara, alhali mutanen Tsaunin Kanya suna ɗaure kaya?"

"Yaya," in ji Nafi'u, "wanda ɗakinsa ya cika da tarkace ya gina wani, baɗi ma sai ya gina na uku."

Sai in gaya muku zancen Tsaunin Kanya, don shi ne abin da ya hana Lurwanu sukuni. Ƙauye ne mai gida kusan ɗari biyu, a kan falalen dutse, tafiyar awa biyu daga Funtuwa. Tafkin da suke sha ya ƙafe shekara uku a jere, rijiyoyinsu suka koma ramuka. Mata da amalanken shanu kan fita tun sanyin safiya, ba sa dawowa da ruwa sai rana ta take. Mutanen garin suka haɗa kai suka kira kamfanin Alhaji Sallau, saboda sunansa. Lurwanu ya je da na'urar auna ƙasa, ya haƙa wuri na farko, ba ruwa. Ya haƙa na biyu, garin dutse kawai. Na uku ma haka. Mai garin, Malam Bawa, tsoho mai farin gemu, ya zo ofis da kansa ya zauna gaban Hajiya, yana juya carbi, ya ce:

"Hajiya, ba ƙara na kawo ba. Yaronki ya yi iyakar yinsa, mun gani da idonmu. Amma mun yanke shawara. In kasuwar Laraba ta ci sau biyu ba ruwa, za mu tashi. Kaburburan iyayenmu na nan, sai dai kabari ba ya shayar da jariri."

Hajiya ta roƙe shi ya bari a gwada sau ɗaya tak. Ya amince. Amma a ina za a kafa injin? Wannan ne ba wanda ya sani.

Ga wannan nauyi a kanta, ga rigimar saba. Hajiya ba ta yanke wa 'ya'yan hukunci nan take ba. Bayan azahar, da ofis ya yi shiru, ta ɗauki dardumarta ta shiga ɗakin nan mai sanyi, wanda rabonta da shi tun Alhaji na da rai. Ta shimfiɗa ta zauna, ta jingina da bango. Ita ba ta san kan kwamfuta ba. Abin da ta sani shi ne, rigunansa an rabar, motarsa an sayar, ɗakinsa jikoki sun mayar wurin karatu. Wannan akwatin ƙarfe shi kaɗai ne wurin da ya rage yadda hannunsa ya bar shi. Ta san Nafi'u na da gaskiya. Ta san Zulai ma na da gaskiya. Ta kuma san in ta bi maganar Babba, ta dai ture ranar ce gaba, ba ta kawar da ita ba.

Sanyin ɗakin da gurnanin na'urar suka yi ta lallashinta har barci ya ɗauke ta a zaune. Ta ga kanta a wani gida da ba ta sani ba, amma ƙafarta ta san hanya. Zaure yana kaiwa ga zaure, ɗaki yana buɗewa cikin ɗaki, kowane ɗaki jere da tukwane an kife su da faifai. Haske ne irin na bayan ruwan sama, ba rana ba, ba inuwa ba. Ta ɗaga faifan wata, babu komai sai yanar gizo-gizo. Ta ɗaga wata, ƙaiƙayi. Ta ɗaga ta uku, ta huɗu, ta goma, duk wayam. Amma can nesa, a wani ɗaki da ba ta kai ba, tana jin ɗigar ruwa, ɗis, ɗis, a hankali. Duk ɗakin da ta shiga sai ɗigar ta ƙara matsawa gaba. Tana cikin tafiyar nan kiran la'asar ya tashe ta, ƙafarta ta yi sanyi ƙalau.

Mafarkin bai gaya mata komai ba, ba ta kuma kai shi wurin malami ba. Ta dai fito ta kira Nafi'u.

"Auta, je ka share. Amma abin da ka tabbata shara ne. Wanda ka yi shakka, ka bar shi."

Ta ce wa Zulai ta yi haƙuri. Zulai ta sunkuyar da kai. Lurwanu ya girgiza kai ya koma daji.

Nafi'u ya shiga aiki kamar mai yashe tsohuwar rijiya. Kwana huɗu bai ɗaga kai ba sai don salla. Ya tarar da wasiƙa ɗaya an ajiye ta sau tara, kowacce da suna dabam. Ya tarar da hotunan bikin wani direba da ya bar aiki tun da daɗewa, da waƙoƙin da wani magatakarda ya ɓoye, da takardun gayyatar taron da aka yi aka watse shekara goma sha biyar. Ya kwashe, ya kwashe, na'urar ta fara numfashi. Da ya ɗaga wancan tarin, sai wani ya bayyana a ƙarƙashinsa. Jaka cikin jaka, cikin wata jakar, sau bakwai, duk ba suna na kirki. Wuri ne da ko da gangan mutum ya shiga nema ba zai kai ba, sai wanda ya ɗauri aniyar bin kowane lungu. A ƙasan ta bakwai ɗin ya iske fayiloli ɗari huɗu na sauti, ba su da suna sai lamba.

Ya buɗe na farko, ya ji iska tana kaɗawa. Ya buɗe na biyu, iska da kukan akuya. Na uku, iska da takun mutum a kan tsakuwa. Ya ce a ransa waya ce ta danne kanta a aljihun wani tana ta ɗaukar banza. Bai yi shakka ba ko kaɗan. Ya fara gogewa daga sama, irin gogewar da ba ta dawowa, yana buɗe ɗaya jefi-jefi don ya ƙara tabbatarwa. Ya goge sittin da uku.

A daidai lokacin Zulai ta zo wucewa ta bakin ƙofa da takardu a hannu. Ita da ta ƙi aikin tun farko, ko leƙa ɗakin ba ta yi ba kwana huɗun nan. Amma sautin da ke fita ya tsayar da ita. Taku ɗaya mai nauyi, ɗaya mai ja. Mai nauyi, mai ja.

"Nafi'u, cire hannunka."

"Yaya Zulai, iska ce kawai."

"Na ce cire hannunka! Wannan takun Baba ne."

Alhaji Sallau, kun gani, ya taɓa faɗawa rijiya yana matashi, ƙafarsa ta hagu ta ɗan gajarce, yana janta in yana tafiya. Zulai ta girma tana gane dawowarsa gida tun daga zaure da wannan takun. Ta ja kujera ta zauna, ta ce a bar sautin ya tafi har ƙarshe. Minti ɗaya, iska. Minti biyu, iska da taku. Nafi'u ya buɗe baki zai yi magana, sai suka ji an yi gyaran murya.

"Bismillahi. Yau Asabar, ina gabas da Tudun Iya. Ƙasar ja ce a sama..."

Ashe al'adarsa ce. Duk garin da ya ratsa, ko ba a kira shi aiki ba, sai ya sauka daga mota ya zaga, ya kunna 'yar rikodarsa tun kafin ya san abin da zai ce, ya yi ta tafiya yana kallon ƙasa, sai abin ya nuna a ransa sannan ya faɗa. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Aka kira Hajiya. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a jikin katako. Shekara shida ba ta ji muryar nan ba, sai ga ta tana maganar tsakuwa da laka, har da ɗan tarin nan da yake yi in ya sha iska. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ji kamar ɗakin ya yi faɗi, bangon ya ja baya, tana tsaye a wani fili da hantsi, yana tafe gabanta da farar hularsa bai waiwayo ba. Da sautin ya ƙare ta tambaya a hankali, "Guda nawa ne?"

Nafi'u ya kasa haɗa ido da ita. "Ɗari huɗu ne, Hajiya. Saura ɗari uku da talatin da bakwai."

Ta gane. Ta dube shi ta ce, "Ni na ce ka share." Ta juya ta fita.

Daga nan Zulai ta karɓi aikin. Ta ce tunda Baba ya zaga ƙasar nan kaf, ba mamaki ya taka Tsaunin Kanya. Lurwanu da aka gaya masa ta waya ya ce, "Zulai, ƙasa ake aunawa, ba tatsuniya ake saurara ba." Ba ta kula ba. Ta sa abin ji a kunne, ta ɗauki littafi da biro, ta fara daga na sittin da huɗu. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, ba ta kuma gaggauta ko ɗaya ba, don ba a san inda maganar za ta faɗo ba. Wani minti biyar ne, wani rabin awa, wani har ƙarshe iska ce kawai bai ce uffan ba. Kwana shida tana zaune daga safe zuwa la'asar sakaliya. Kunnenta ya kumbura, kanta ya riƙa sarawa. Laraba ta farko ta zo ta wuce. Wani lokacin Hajiya kan shigo ta zauna gefenta, a cire abin kunnen a saki sautin, su biyu su yi ta bin Alhaji gari-gari, rafi-rafi, kamar masu tafiya cikin hazon safiya.

A na ɗari biyu da tamanin da takwas, ran Lahadi, muryar ta ce:

"Tsaunin Kanya. Mutanen nan suna da tafki yanzu, amma wata rana za su nema. Duk wanda ya haƙa cikin gari zai sha wahalar banza, dutsen a dunƙule yake. Ruwansu na arewa. Daga inda kanya biyu suka jingina da juna, a bi layin suri, taku ɗari da arba'in. Nan dutsen ya tsage a ƙasa. Za a tarar da baƙin dutse mai tauri, kada a ji tsoronsa, a wuce shi. Allah ya sa a dace."

Zulai ta rubuta kalma bayan kalma, ta ɗauki takardar, ita da Nafi'u suka kai ta Tsaunin Kanya a ranar.

Sai dai magana ce ta shekara goma sha bakwai. Da aka karanta wa mutanen gari, suka dubi juna. Kanya biyu? An sare su tuntuni an yi turame. Wani ya ce nan suke, wani ya ce can. Suri kuwa, gonaki sun cinye su. Nafi'u ya buɗe taswira a kwamfuta bai ga komai ba. Zulai ta maimaita maganar har ta haddace, amma ba ta san ta inda za a fara taku ba. Takarda ce a hannu, ƙasa kuma ta yi shiru.

Nan ne Lurwanu, wanda ya ce duk aikin ɓata lokaci ne, ya karɓi wayar da aka kwafo sautin a ciki ya saurara da kansa. Ya saurara sau uku, ya koma gefe ya zauna a kan dutse. Shi ne ya bi uban nan daji tun yana shekara goma sha biyar, ya san yadda idonsa ke karanta ƙasa. Ya tashi ya nufi arewa shi kaɗai, a tsakar rana. Bai nemi itace ba, ya nemi inda ƙasa ta ɗan lotsa, inda saiwa ta ruɓe a ciki. Ya tona da hannu ya ciro ɓawon kanya, ya matsa kamu shida ya ciro wani. Suri kuma, ya san ko an baje shi jar ƙasarsa ba ta ɓacewa, sai ya bi jajayen tabo a cikin gonaki, ɗaya bayan ɗaya, suka miƙe masa layi. Sannan ya yi abin da ba wanda zai yi tunaninsa. Bai yi taku irin nasa ba. Ya rage tsawon ƙafarsa ta hagu, ya ja ta, ya yi tafiyar mahaifinsa. Mutanen gari na kallo daga nesa, tsofaffin cikinsu suka kama baki. Da takun lafiyayyen mutum ya ƙirga, da ya wuce wurin da nisa. A na ɗari da arba'in ya tsaya ya kafa tsinke.

Aka kawo inji ran Litinin. Mita ashirin, jar ƙasa. Mita arba'in, tsakuwa. A hamsin suka ci karo da baƙin dutse, haƙorin injin ya fara kuka. Talata ta wuce a cikin dutsen nan. Laraba ta biyu ta zo, kasuwa ta ci, ba ruwa. Gida goma sha ɗaya suka ɗora kaya a amalanke suka tafi, ba wanda ya iya ce musu ku tsaya. Malam Bawa ya zo bakin ramin ya dafa kafaɗar Lurwanu.

"Ɗana, ya isa. Allah bai nufa ba. Kada ka kashe injinka a banza."

Ma'aikatansa ma suka ce a tsaya, haƙori ɗaya ya karye, saura guda. Lurwanu ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a kan sandar haƙa, ya rufe ido, yana jin yadda take rawa. Ya ɗebi garin da ke fitowa ya murza, ya sa a harshe.

"Baba Mai Gari, a ba ni zuwa gobe da azahar."

Hajiya Kubura ta iso ran Alhamis da hantsi, ta zauna a inuwar motar tare da matan da suka rage. Zafi ya yi zafi har sararin gabanta yana rawa kamar ruwa, ta rasa gane inda ƙasa ta ƙare sama ta fara. A mita tamanin da bakwai kukan injin ya sauya, ya yi laushi. Garin da ke fitowa fari ya koma toka-toka, ya koma laka. Sai wani huci ya taso daga ciki, sannan ruwa ya yi tsiri sama, ya fi motar tsawo, ya watsu cikin rana ya sauko musu a ka kamar yayyafin farkon damina. Mata suka ɗauki guɗa. Malam Bawa ya faɗi ya yi sujada a cikin taɓo. Hajiya ba ta motsa ba. Ta bar ruwan ya jiƙa mayafinta, tana jin sanyinsa yana bin wuyanta, ta kasa tuna ko ta taɓa jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa irin na ranar.

Aka aika a kira waɗanda suka tafi. Gida bakwai suka dawo. Huɗu sun riga sun yi nisa, har yau suna can inda suka sauka.

Nafi'u ya koma ya ƙarasa shararsa, amma yanzu ba a goge abu sai ido biyu sun gani. Ya fitar da fiye da rabin abin da ke ciki, kuma gaskiya shara ce, ba wanda ya taɓa nemanta. Sabar ta koma kamar sabuwa. Ya sa wa kowane sauti sunan garinsa, ya kwafe su wuri uku. Daga cikinsu an riga an samu ruwa a gari biyar da a da aka fid da rai.

Sittin da ukun nan kuwa sun tafi. Ya kai na'urar wurin masana har Kaduna, suka ce an riga an rubuta wasu abubuwa a kan gurbinsu. Ba wanda ya san me ke ciki. Wataƙila iska ce da kukan akuya. Wataƙila ruwan wasu garuruwa ne da ke fama da ƙishi yanzu haka. Hajiya kuma, a cikin waɗanda suka rage, ta ji wuri biyu da Alhaji ya bar zancen ƙasa ya ce, "Kubura na son irin wannan tsamiyar, bari in tsinko mata." Tun daga nan takan zauna da rana ta yi shiru, tana tunanin ko a cikin na farkon nan, lokacin da rikodar take sabuwa yana ɗokinta, ya yi mata wata magana mai tsawo. Ba ta taɓa faɗa wa Nafi'u wannan ba.

Da kaka ta yi, ta ji jikinta ya gaji. Ta ce za ta sauka, ta miƙa jagorancin kamfanin ga ɗaya daga cikin ukun. Gado an raba shi tuntuni yadda addini ya ce, wannan maganar riƙo ce, kuma jirgi ɗaya ba ya ɗaukar matuƙa uku. Ta ce wanda ya ceci Tsaunin Kanya, ya ceci sunan gidansu, shi za ta ba. Sai ta zauna ta lissafa, ta ga lissafin ya ƙi fita.

In ta dubi Nafi'u, ba don ya nace a yi shara ba, da muryar na nan kwance ƙarƙashin jaka bakwai har na'urar ta mutu da ita. Shi ya tono. Amma shi ne ya goge sittin da uku, kuma da an bar shi minti goma, da ya goge duka.

In ta dubi Zulai, ba don kunnenta da haƙurinta ba, da an tono an zubar. Ita ta tsayar da hannu, ita ta zauna kwana shida. Amma da an bi shawararta tun farko, ba a taɓa komai ba, da ba a tono ba balle a ji. Abin da take karewa, ita kanta ba ta san yana nan ba.

In ta dubi Babba, ba don idonsa da ƙafarsa da taurin ransa ba, da maganar ta zauna a takarda, ko a haƙa a kuskure, ko a tsaya a baƙin dutse. Shi ya fitar da ruwan da aka sha. Amma shi ne ya haƙa uku a banza, shi ne kuma ya ce shara ɓata lokaci ce, saurare kuma tatsuniya.

Ta kai maganar wurin ƙanen Alhaji, ya ce Babba. Ta kai wurin yayarta, ta ce Zulai. Tsofaffin ma'aikata suka rabu, matasansu suka ce Nafi'u. Malam Bawa da aka tambaye shi ya yi dariya ya ce shi dai ruwa ya sha, bai tambayi guga ko igiya ko hannu ba. Har na baro Funtuwa, Hajiya Kubura na riƙe da makullin ofis a bakin zanenta.

To, ga ku ga ta. Wanda ya share har ya tono, da wadda ta hana a zubar, da wanda ya karanta ƙasa ya huda dutse: in ku ne Hajiya, wa za ku miƙa wa makullin?